Sana'ar Zayyana Manhaja: Tushenta da Rassanta

Laccar da aka gabatar wa ɗalibai da matasa a Garbadu, ƙasar Talata Mafara

 

An neme ni in yi magana a kan wata sana'a wadda kakanninmu ba su san ta ba, iyayenmu kuma ba su gaje ta ba balle su gadar mana, amma duk da haka babu wani a cikin wannan taro, matuƙar yana da waya a aljihunsa, face ya taɓa cin moriyar masu yin ta, ko kuwa ya ɗanɗana kuɗarsa saboda sakacinsu. Ita ce sana'ar zayyana manhaja. Duk manhajar da kuka buɗe a waya, ta banki ce ko ta hira ko ta karatun Alƙur'ani, kafin masu rubuta umarnin kwamfuta su ɗora hannu a kanta, sai da wani ya zauna ya yanke shawarar abin da ido zai fara faɗawa a kai, da inda babban yatsa zai danna, da kalmar da za a rubuta a kan maɓalli, da abin da za a gaya wa mutum idan sabis ya ɗauke alhali kuɗinsa sun bar hannunsa ba su kai ga mai su ba. Wannan mutum shi ne mai zayyana. Da yawa suna zaton aikinsa ado ne, wato zaɓen launi da ƙawata hoto. Ado kuwa, ko da yake yana cikin aikin, shi ne mafi ƙanƙantar rukuninsa, kuma shi ne na farko da na'ura ta fara ƙwacewa daga hannun mutane.

Malamanmu na fiƙihu, Allah ya saka musu da alheri, sun rarrabe tsakanin usuli da furu'a, domin sun lura cewa ɗalibin da ya haddace rassa bai riƙi tushe ba, ranar da aka zo masa da mas'alar da babu ita a littafinsa, to ya tsaya ke nan, alhali wanda ya fahimci illar hukunci yakan yi ƙiyasi ya fita. Da wannan ma'auni nake so mu auna sana'ar da muke magana a kanta, domin abin da na zo da shi bai wuce wannan ba: kayan aikinta furu'a ne masu sauyawa kusan kowace shekara, tushenta kuwa shi ne sanin mutumin da ake yi wa aikin, kuma ɗan Garbadu, idan bai raina abin da ke gabansa ba, yana riƙe da wani kaso na wannan tushe wanda ɗan Legas da ɗan Amurka ba za su same shi ba sai da wahala da kashe kuɗi.

Mu fara da rassan, mu ga yadda suke karyewa. A shekarar 2001 aka fara wayar salula ta GSM a Nijeriya, muka ga zamanin Nokia, muka ga na BlackBerry wadda a lokacinta ba a cika ɗan birni sai da ita, yau kuwa yaran da ke zaune a sahun gaba ba su taɓa riƙe ta ba. A 2007 kamfanin Apple ya fito da iPhone, wayoyin Android suka biyo baya, sai aikin mai zayyana ya koma kan ɗan gilashin da bai wuce tafin hannu ba. Su kansu kayan zanen haka suka yi ta shuɗewa. Yayyenku da suka buɗe shagunan kwamfuta a Gusau da Sakkwato da CorelDRAW da Photoshop suka ci abinci, suna buga katin biki da kalanda da fostar 'yan takara. Akwai kuma wata manhaja mai suna Flash, wadda mutane suka ƙarar da ƙuruciyarsu wajen ƙwarewa a kanta, kamfanin Adobe ya yi mata jana'iza a ƙarshen 2020. Sketch ta zo a 2010 ta yi tashe, Figma ta fito ga jama'a a 2016 ta ture ta, har ta kai Adobe ya yi tayin sayenta a kan dala biliyan 20 a 2022, sannan cinikin ya wargaje a Disambar 2023 saboda hukumomin Turai da na Ingila sun ƙi sakin hanya. To, saurayin da aka tambaye shi sana'arsa ya ce shi gwanin Figma ne, ya jingina rayuwarsa da abin da 'yan kasuwar wata nahiya za su iya sayarwa ko su rufe ba tare da sun san da zamansa a duniya ba. Ba ina hana ku koyonta ba ne, sam. Wajibi ne ku koye ta, ku ƙware. Ina dai gaya muku matsayinta.

Shi kuwa tushe, ba sai mun tafi wata ƙasa neman hujjarsa ba, ga ta nan a bakin ƙofarmu, kuma dattawan da ke wurin nan sun fi ni sanin labarin. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka fara ginawa a kan gulbin Sakkwato a 1974 aka kammala a 1978, aiki ne na ƙwararrun injiniyoyi, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi shi, kuma babu mai shakkar cewa sun iya lissafi da siminti. An tsara za a shayar da hekta 23,000, kaso mafi girma ta hanyar feshi, wanda ke buƙatar injinan tura ruwa da wutar lantarki da kayan gyara daga waje, sauran kuma ta hanyar magudanai, inda ruwa ke gangarowa da kansa. Me ya faru? Ɓangaren feshi, wanda shi ne abin alfahari a takarda, ya mutu, domin an gina shi a kan wutar da ba ta samuwa da kayan gyaran da ba sa zuwa. Ɓangaren magudanai, wanda manomi zai iya yashewa da fartanyarsa, shi ya rayu yana ba mu shinkafa, har ma da shirin TRIMING na Bankin Duniya ya zo gyara, sai ya zama cikin ayyukansa akwai mayar da wani yanki na filin feshi zuwa magudanai. Wannan ke nan ta fuskar na'ura. Ta fuskar mutane abin ya fi ciwo, domin an karɓi gonaki an tashi garuruwa ba tare da an zauna da masu su an gamsar da su ba, masu fadama a ƙasan gulbi suka rasa ambaliyar da suka saba noma da ita, rigimar diyya ta yi tsanani, har ta kai ga abin da ya auku a Birnin Tudu cikin Afirilun 1980, inda rayuka suka salwanta, Allah ya jiƙansu da rahama. Ilmin da ya yi ƙaranci a wannan aiki ba na ƙarfe da kankare ba ne, na sanin manomin ƙasar Mafara da Bakura da Maradun ne, yadda yake noma, da abin da yake iya gyarawa, da abin da ba zai yarda a taɓa masa ba. Duk wanda zai zayyana wa jama'a wani abu, madatsa ce ko manhaja, wannan darasi nasa ne.

Ga kuma misalin wanda ya bi ta ɗaya hanyar. Ku duba wayoyin da ke hannunku, na tabbata mafi yawansu Tecno ne ko itel ko Infinix, dukkansu kuwa na kamfani ɗaya ne mai suna Transsion, da ke birnin Shenzhen a ƙasar Sin. Lokacin da ya shigo Afirka akwai manyan da suka fi shi kuɗi da suna, amma shi sai ya tsaya ya kalli mai saye: ya ga yana yawo da layi biyu saboda sabis ɗin kamfani ɗaya ba ya isa ko'ina, sai ya yi masa waya mai ɗaukar sim biyu, ya ga wuta ba ta zama, sai ya ƙara wa batir ƙarko, ya ga kyamarorin da ake da su ba sa fito da fuskar baƙar fata yadda ya kamata, sai ya gyara tasa, ya kuma sa farashin da talaka zai iya kaiwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya gagari manyan kamfanoni a ilmance. Ba su duba ba ne kawai.

Yanzu ina so ku raka ni kasuwar Mafara ranar Talata, mu tsaya gefen rumfar mai POS, mu yi shiru mu kalla, domin a ganina wannan tsayuwa ta fi wata guda a gaban kwamfuta amfani ga mai neman wannan sana'a. Ga dattijuwa ta zo cirar kuɗin da ɗanta ya turo mata daga Kudu. Ta kwance bakin zane ta fito da kati, ta miƙa, sannan ta faɗi lambar sirrinta da ƙarfi kowa na ji, ko kuma ta miƙa wata 'yar takarda da aka rubuta mata ita, domin a wurinta lambar ba sirri ba ce, wani ɓangare ne na katin. Na'ura ta yi ta juyi, ta fitar da saƙo da Turanci wanda shi kansa yaron bai iya fassara shi ba, iyaka dai ya ce mata, "Baba, an cire amma bai shigo ba, ki dawo gobe ko jibi zai dawo." Ya yago mata 'yar takardar shaida wadda rubutunta zai dushe kafin sati ya zagayo. A gefe guda ga wanda ya sayar da rago yana riƙe da igiya ya ƙi saki, mai saye yana nuna masa fuskar wayarsa yana rantsuwa ya tura, shi kuwa yana cewa shi dai bai ga alat ba, wayar tasa ma ƙarama ce mai maɓallai, irin wadda samari suka laƙaba wa sunan da ba zan maimaita a gaban malamai ba. Mai wucewa zai ce jahilci ne ko rashin sabis. Mai zayyana kuwa tambayoyi zai gani a jere: don me aka gina tsaron kuɗin wannan baiwar Allah a kan lambobi huɗu da ba za ta iya riƙewa ita kaɗai ba? Don me saƙon bai gaya mata da harshenta, ko da murya, inda kuɗinta suke da ranar da za su dawo ba? Wace shaida za a ba mai rago wadda zai amince da ita kamar yadda yake amincewa da kuɗin da ya ƙirga da hannunsa? Kowace tambaya daga cikinsu aiki ce da ake biyan mutum albashi a kanta.

Ba ku manta farkon 2023 ba, bayan Babban Banki ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a, har jiharmu ta Zamfara, tare da Kaduna da Kogi, ta kai Gwamnatin Tarayya ƙara Kotun Ƙoli. A waɗannan watanni mutanen da ba su taɓa mafarkin tura kuɗi ta waya ba suka shiga dole, manhajojin wasu manyan bankuna suka yi ta gazawa, sai irin su OPay da PalmPay da Moniepoint suka kwashi jama'a. Ɗaya daga cikin dalilan, bayan saurin isar kuɗi, wata 'yar dabara ce ta zayyana: OPay da PalmPay sun mai da lambar wayar mutum ta zama lambar asusunsa, sai ya kasance abin da ya riga ya haddace shi ake nema a wurinsa. Haka nan ba ku manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni sai mutum ya yi tafiya zuwa wata jiha kafin ya ji muryar ɗan'uwansa. Wanda ya rayu cikin wannan hali ba zai taɓa zayyana manhajar da za ta zubar da aikin mutum don sabis ya yanke ba. Zai sa ta adana, ta jira, ta tura idan hanya ta buɗe. Abokin aikinsa da ya tashi inda intanet ba ta yankewa sai an karantar da shi wannan a aji.

Akwai kuma batun rubutu. Masu tsara abubuwa daga nesa sukan raba mutanenmu gida biyu, mai boko da wanda bai iya karatu ba, su manta da dubban da suka sauke Alƙur'ani, suke rubuta wasiƙa da lissafin bashi da ajami. A 2007 an cire ajami daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50, a 2014 aka cire shi daga sabuwar naira 100, kuma ko me mutum yake gani game da siyasar abin, ta fuskar sana'armu an ɗauke wa wasu masu karatu rubutun da suke iya karantawa. Ko a bokon ma, sau nawa kuka ga saƙon Hausa a waya inda haruffa masu lanƙwasa suka koma 'yan akwatuna, don wanda ya zaɓi salon haruffan bai san da su ba? Ku kun sani.

To, yaya ake koyon abin? Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddimarsa wadda ya rubuta a 1377, ya yi bayanin cewa sana'a malaka ce da ke zaunawa a jikin mutum ta hanyar maimaitawa a gaban malami, kuma gwargwadon kyan koyarwa gwargwadon kyan malakar. Babu abin da ya sauya. Kun ga maƙeri idan zai yi wa mutum fartanya, ba ya tambayarsa ra'ayinsa game da ƙarfe. Ba shi yake yi ya riƙa, ya sunkuya, ya kai sara, shi kuwa yana kallon inda ƙota ta yi masa tsawo da inda ruwan ya karkace. Haka za ku yi, kuma ba ku buƙatar kwamfuta kafin ku fara. Ku ɗauki matsala ɗaya ta garin nan, misali lissafin adashi. Ku je wurin uwar adashi, da izinin maigidanta da ladabin da ya kamata, ku ga littafinta ko ƙwaƙwalwarta, ku ji yadda take gane wanda ya zuba da wanda ya yi fashi, da yadda ake yi idan mai kwasa ta nemi a musanya mata mako saboda suna ko rashin lafiya. Sannan ku yanka takarda daidai girman waya, ku zana fuskoki uku ko huɗu da biro, ku ɗora mata a hannu ku ce, "Inna, nuna mini yadda za ki sa zubin wance na wannan mako." Daga nan sai ku kame bakinku. A nan mafi yawan masu koyo suke faɗuwa, domin da sun ga yatsanta ya nufi inda ba su so, sai su yi wuf su nuna mata, su ɓata gwajin da hannunsu. Inda ta tsaya tana juya takarda, nan aibin zanenku yake, ba nata ba. Wani masanin wannan fanni, Jakob Nielsen, ya nuna cewa gwaji da mutum biyar kacal yakan tono mafi yawan matsalolin zane, saboda haka kada wani ya ce rashin kuɗin bincike ne ya hana shi. Wanda ya iya Turanci kuma ya nemi littafin Don Norman na 1988 a kan zayyanar kayan amfanin yau da kullum, wanda ya girmi duk manhajojin da na lissafa, ya kuma ga bayan irin su Flash.

Bayan takarda sai na'ura. Kuna buƙatar kwamfutar tafi-da-gidanka, ko ta hannu ce, ko ta karo-karo tsakanin mutum uku. Figma tana da matakin kyauta kuma a cikin burauza take aiki. Ku koyi ƙa'idojin jeri da tazara da girman haruffa da bambancin launi, ku tuna cewa mai amfani da aikinku a tsakiyar rana yake, a kan gilashin da ya tsage. Ku ɗan leƙa HTML da CSS, ba don ku zama masu rubuta umarni ba, sai don kada ku zana abin da ba ya ginuwa. Turanci kuwa, in gaya muku gaskiya ko da ba daɗi, babu makawa sai da shi, domin da shi ake ɗaukar aiki, da shi ake kare hujja a gaban abokan aiki. Wanda ya iya haddar Ishiriniya bai da uzurin cewa ya gagare shi. Makarantu kuma ba su yi mana nisa ba: ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara duk a Talata Mafara, ga Jami'ar Tarayya a Gusau, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda. Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin 3MTT a 2023 ƙarƙashin Ma'aikatar Sadarwa da hukumar NITDA, zayyanar manhaja na cikin fannoninsa. Kamfanin Google yana da kwas a kan wannan fanni a dandalin Coursera tun 2021. A Kaduna akwai cibiyar CoLab, a Kano akwai irin su Blue Sapphire, inda za ku sami waɗanda suka riga ku su duba aikinku su faɗa muku gaskiya. Amma ku sani takardar shaida a wannan sana'a ba ta da ƙarfin ijazar malami. Mai ɗaukar aiki kundin ayyukanku zai buɗe, kuma ayyuka uku da aka yi wa mutane na zahiri, aka bayyana matsalar, da abin da aka gwada ya ƙi, da dalilin sauya shi, sun fi zane talatin na kwaikwayon manhajar sayar da kofi ta Amurka, irin wanda kowane mai koyo a duniya yake da shi.

Ba zan yi muku romon baka ba. Ƙofar shiga ta yi cunkoso, kamfanonin fasaha na duniya sun sallami ma'aikata masu ɗimbin yawa a 2022 da 2023, aikin farko yakan yi wuyar samu, kuma mafi yawan guraben Nijeriya suna Legas da Abuja, ko da yake ana iya yin wasu daga gida. Sannan ga ƙirƙirarriyar basira, wadda tun fitowar ChatGPT a Nuwambar 2022 take ta bunƙasa, har ta kai yau mutum zai rubuta jimla biyu ta zana masa fuskar manhaja sumul cikin daƙiƙu. Wanda duk jarinsa shi ne iya jera akwatuna da zaɓen launi, lalle ya ji tsoro. Sai dai ita wannan na'ura daga abin da aka rubuta a intanet ta yi karatu, mafi yawansa da Turanci, game da rayuwar waɗanda suka rubuta shi. Ba ta taɓa tsayawa a rumfar mai POS ba, ba ta san cewa manomin Bakolori da buhu da tiya yake lissafi ba, ko cewa waya ɗaya a gida mutum huɗu ke amfani da ita, ko cewa mata da yawa saƙon murya kawai suke turawa. Za ta ba ku amsa mai kyan gani, amma tantance ko ta dace da mutumin Garbadu, wannan ijtihadi ne, kuma a wuyanku yake. Ku mai da ita ɗan aike mai sauri, ku riƙa bincikar abin da ya kawo.

Sai batun amana, wanda ban ga amfanin wannan lacca ba idan na tsallake shi. Mai zayyana yana da iko a kan mutanen da ba za su taɓa ganin fuskarsa ba, kuma da ilmin da ake sauƙaƙa wa mutum hanya da shi ake karkatar da shi. Za a zo muku a ce ku ƙanƙanta rubutun da ke bayyana kuɗin da za a cire, ku girmama maɓallin amincewa, ku ɓoye na fita. Wannan algus ne, kuma cinikin da mai saye bai san haƙiƙanin abin da ya shiga ba, kun san babin garari a Risala da Muhtasar. Mun ga manhajojin ba da rance da ke kwashe lambobin da ke wayar mutum, ranar da ya gaza biya su tura wa surukansa da maƙwabtansa saƙon tozarci, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta far musu a 2022, a 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Kowace fuska ta waɗannan manhajoji wani ne ya zana ta ya karɓi lada. Haka manhajojin caca da ke cinye kuɗin samarinmu da sunan ƙwallo. Za a yi muku tayi mai tsoka, wataƙila a lokacin da kuke cikin matsi; ku yanke hukuncinku tun yanzu, kafin ranar ta zo. Halal ɗin ma tana da faɗi: bankunan da ba sa mu'amala da riba, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ a 2019, da asibitoci, da harkar taki da iri, da makarantu, duk suna jiran wanda zai sa aikinsu ya fahimtu ga talaka.

Ƙannena mata, wannan magana taku ce fiye da kowa. Da yawa daga masu amfani da waya a ƙasar nan suna cikin gidajen da namiji baƙo ba ya shiga, saboda haka duk kamfani ko ƙungiyar lafiya da ke son sanin yadda matan aure ke ajiya da sana'a da neman magani, ba ta da hanya sai ta hannun mace mai ilmin wannan aiki. Nana Asma'u 'yar Shehu, Allah ya ƙara mata yarda, da ta so ilmi ya kai ga matan karkara, ba ta jira su zo su koyi Larabci ba, sai ta tsara shi da harshen da suke ji a sigar da za su iya haddacewa, ta ɗora wa jajis na 'Yan Taru su kai musu har gida. Kuna da magabaciya a wannan tafarki, kuma aiki ne da ake iya yin mafi yawansa daga ɗaki.

A ƙarshe ina da roƙo ga iyaye da shugabanni. Na san halin da muke ciki na rashin tsaro da rashin wuta, na kuma san cewa a garuruwanmu idan aka ga yaro ya duƙufa a kan kwamfuta dare da rana, zato na farko shi ne ya shiga damfara. Ku tambaye shi ya nuna muku abin da yake yi. Mai zayyana na gaskiya zai yi murna, domin ku ne ma mutanen da yake so su gwada masa. Samun masu wannan ilmi a cikinmu, a fahimtata, ya shiga babin farilla ta kifaya, tunda kuɗinmu da maganinmu da takinmu duk sun koma bi ta waya, kuma idan babu namu a teburin da ake tsarawa, za a ci gaba da tsara mana daga nesa. Abin da ake buƙata don farawa bai fi ƙarfin garin nan ba: ɗaki ɗaya mai ƙofa da makulli, da sola da batir, da kwamfutoci ko da biyar ne, da kuɗin data na wata-wata, da amintaccen mutum mai riƙe mabuɗi, a kuma ware wa 'yan mata ranakunsu. Ranka ya daɗe Uban Ƙasa, ina roƙon ka kira attajiranmu na gida da na waje da shugabannin ƙaramar hukuma a kan wannan, kafin damina ta kama kowa ya koma gona.

Allah ya ba ƙasarmu lafiya da zaman lafiya, ya yi wa zuriyarmu albarka.